Nazarin lamari: neman audugar da za ta jure zafi a wani kwarin hamada, 1900 zuwa 2022

Wurin da irin audugar

Kwarin da wannan nazari ya bi yana cikin hamadar jihar Arizona, a kudu maso yammacin Amurka. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, tudunta daga bakin teku mita 300 zuwa 450. Ruwan saman da take samu a shekara da ƙyar yake kai milimita 200, alhali auduga a can tana shan sama da milimita 1,000 daga shuka zuwa cira. Saboda haka babu zancen noman damina. Kowace gona ban ruwa ake yi mata, da fari daga koguna da madatsar Roosevelt da aka gama a 1911, daga baya aka haɗa da rijiyoyin burtsatse. A watan Yuli matsakaicin zafin rana digiri 41 ne a ma'aunin Salshiyas, kuma ranar 26 ga Yuni 1990 an auna digiri 50 a Phoenix, babban birnin jihar.

Auduga iri biyu ce ta cika kasuwar duniya. Kusan kashi 90 cikin 100 na abin da ake nomawa mai gajeren sili ce, wadda masana ke kira Gossypium hirsutum, 'yar asalin Meziko da ƙasashen da ke kudu da ita. Ɗayar ita ce Gossypium barbadense, wadda aka fara nomawa a gaɓar tekun Peru da Ekwado. Silinta yakan kai milimita 35 ko ya wuce, ga laushi ga ƙarfi, masaƙu kuma suna saye da tsada. Ita ce audugar Masar da ta yi suna, ita ce kuma Pima a Amurka. Aibinta shi ne ba ta ɗaukar zafi kamar 'yar uwarta. Manoman kwarin kuwa ita suke son nomawa, a wurin da zafinsa ya fi ƙarfinta.

1900 zuwa 1920: shigowar irin da bayyanar matsalar

Wajen 1900 Ma'aikatar Noma ta Amurka ta shigo da wani irin Masar mai suna Mit Afifi. Masanin tsirrai Thomas Kearney ya yi ta zaɓe a cikinsa har ya fitar da Yuma a 1908. A 1910, a tashar gwaji ta Sacaton, aka ga wani tushe guda a cikin gonar Yuma ya fita daban. Daga shi aka samo irin da aka raɗa wa suna Pima, sunan al'ummar da tashar ke kan ƙasarsu. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɗaga kasuwar, domin ana neman dogon sili don zaren cikin tayar mota da kyallen da ake lulluɓe fukafukan jiragen sama na wancan zamani. A 1917 kamfanin taya na Goodyear ya sayi dubban eka don ya noma wa kansa. A 1920 farashi ya faɗi warwas, manoma da yawa suka koma gajeren sili.

Faɗuwar farashin ce ta tona asirin irin. Muddin kuɗi na da kauri, ba wanda ya damu da ƙarancin amfanin. Da kuɗin ya janye, sai ido ya koma kan abin da ke faruwa a gona kowace shekara a Yuli da Agusta.

Auduga ba ta yin huda lokaci guda ta gama. Tana tsawo tana huda: kusan kowane kwana 3 sabuwar gaɓa ta fito a kara, gaɓar ta miƙa reshe, reshen ya ɗauki toho. Daga fitowar toho zuwa buɗewar fure kusan mako 3 ne, furen kuma wuni guda yake yi a buɗe. A wannan wunin ne ko ya ɗauki barbara ya zama ƙululu, ko ya tashi a banza. Awon da aka yi shekaru da yawa bayan haka ya nuna garin furen auduga ya fi tsira da kyau a digiri 28, kuma yana lalacewa da sauri idan an wuce 37. Tohon da zafi ya buga kimanin mako 2 kafin ya buɗe yakan fito da nakasa: zaren da ke ɗauke da jakar gari ya gajarce, jakar ta ƙi fashewa. Ƙululu ɗan kwana 3 zuwa 5 sai ya kakkaɓe. Wanda ya tsira da 'ya'ya kaɗan a ciki yakan fito a karkace, da lanƙwasasshen baki.

Abin lura, ba watan Yuni ne ya fi ɓarna ba, duk da cewa ranarsa ma tana da ƙuna sosai. A Yuni iska busasshiya ce, dare kuma yana ɗan sassautawa. Daga farkon Yuli iska takan juya ta kwaso laima daga kudu, sama ta yi nauyi, dare ya ƙi yin sanyi. A nan ne gona ke zubar da huda.

Sai abu na biyu ya biyo baya. Ƙululu shi ne ke janye abincin da ganye ya haɗa. Idan babu shi, abincin ya rasa inda zai je, sai ya tafi kara da ganye. Tushen ya yi tsawo har ya wuce kan mutum, ganyen sama ya yi wa na ƙasa inuwa, inuwar ta ƙara jawo zubewar toho. Wanda ya hango gonar daga bakin hanya zai ga ta yi shar, sai ya kutsa ciki ya tarar da rassan tsakiya wayam.

1920 zuwa 1949: juya jini guda

Abin da aka fara gwadawa shi ne komawa Masar. Aka haɗa Pima da wani irin Masar mai suna Sakel, aka fitar da SxP a tsakiyar shekarun 1930. Amsak ya biyo baya, sannan Pima 32 a 1949. Kowanne ya zo da gyara, musamman a ingancin sili, domin masaƙu ke saye kuma su ake ƙoƙarin burgewa. Amma dukkansu dogaye ne, masu faffaɗan ganye, masu jinkirin nuna, kuma dukkansu suna zubar da huda a Yuli. Dalilin a fili yake. Iyayen duk dangin juna ne, an kuma tace su a bakin kogin Nilu, inda iskar Bahar Rum ke sanyaya dare. Abin da babu shi a jikin uwa da uba, zaɓe ba ya ƙirƙiro shi a jikin ɗa.

Manoma ma ba su zauna ba. Wasu suka ƙara ruwa da taki, tushen ya ƙara haukan ganye. Dabarar da ta fi daɗewa ita ce haƙuri: a bar gona ta zubar da hudar tsakiya, a ci gaba da ban ruwa har zafi ya karye a Satumba, a jira ƙululun saman kara ya nuna a ƙarshen shekara. Ana samun amfani ta haka, amma da tsada. Ana ƙara ban ruwa na makonni, ana caca da sanyin farkon hunturu, kuma daga shekarun 1960, da jar tsutsar ƙululu ta kafu a yankin, gonar da ta daɗe a tsaye ta zama gidan renonta zuwa baɗi.

1951: buɗe ƙofa ga baƙon jini

Canjin farko mai ma'ana ya fito daga Jami'ar Arizona. Walker Bryan ya yi shekaru yana cuɗa jini huɗu: tsohuwar Pima, da audugar Sea Island da aka taɓa nomawa a tsibiran gaɓar kudu maso gabashin Amurka, da Tanguis ta Peru, da wata mai gajeren sili da ake kira Stoneville. Shigar da ta ƙarshen nan kasada ce. Jinsunan biyu suna barbaruwa, kowanne da sandunan gado (chromosome) 52 a ƙwayar halittarsa, amma jikokinsu sukan fito a hargitse, wasu bakarare, wasu da silin da bai kai ba. Sai an yi ta zubarwa kafin a samu na kirki.

Abin da ya fito a 1951 shi ne Pima S-1: ya fi gajarta, ya fi saurin nuna, ya fi ba da amfani. Ya farfaɗo da noman har manoma suka kafa ƙungiyar tallata shi, Supima, a 1954. Bai kawar da zubewar huda ba. Amma da yake haɗin zuriyoyi ne da dama, ya bar wa na baya abin da ba su da shi a da, wato bambanci mai yawa da za a yi zaɓe a cikinsa. Daga wannan taska yawancin irin da suka biyo baya suka fito.

1960 zuwa 1966: karanta kara

Aikin ya koma hannun masu inganta iri na Ma'aikatar Noma, Carl Feaster da Edgar Turcotte. Pima S-2 ya fito a 1960. A wannan tsakanin suna gwada zuriyoyinsu a wurare iri biyu: a cikin kwarin, da kuma a tuddai irin su Safford, mai tudun kusan mita 900, da El Paso a jihar Texas, mai sama da mita 1,100, inda dare ke yin sanyi ko a tsakiyar bazara.

Suka ga sakamakon yana saɓa wa juna. Zuriyar da ta yi fice a tudu, idan aka sauko da ita kwari sai ta zubar da hudar farko, ta miƙe, ta soma riƙe ƙululu can sama. Wadda ta riƙe ƙululu tun daga ƙasa a kwari, idan aka hau da ita tudu sai ta ɗauki kaya da wuri fiye da kima, ta tsuke, ƙululunta ya kwanta kusa da ƙasa inda injin cira ba ya kaiwa. Neman iri guda da zai yi wa kowa daidai, ta hanyar haɗa sakamakon wurare a raba, yana fitar da irin da bai gamsar da kowa ba.

A 1965 suka wallafa abin da suka gano, kuma ma'aunin da suka fito da shi ba ya buƙatar na'ura. A je gona a ƙarshen kaka, a dubi tushe daga ƙasa zuwa sama, a ga tsayin da ya fara riƙe ƙululu sosai. Da yake kowace gaɓa tana da kwanakin fitowarta, karan ya zama rijistar bazarar da ta wuce: gurbin da ba ƙululu yana faɗin makon da zafi ya ci ƙarfin tushen, gurbin da ke cike yana faɗin makon da ya jure. Idan layi biyu suna maƙwabtaka, ruwa ɗaya, taki ɗaya, rana ɗaya, wannan ya cika daga ƙasa wancan ya bar tsakiya fanko, to bambancin na gado ne.

Ma'aunin yana da fa'idar da awon amfanin gona kawai ba shi da ita. Tushen da ya zubar a Yuli yana iya ramawa a Satumba, a auna buhunsa a ga ba laifi, alhali bai jure komai ba, jira kawai ya yi. Tsayin da ƙululu ya fara ba ya ɓoye wannan. Kuma mutum ɗaya zai iya duba ɗaruruwan layuka a wuni, abin da ke da muhimmanci a sana'ar da yawancin aikinta zubarwa ne.

A 1966 aka daina neman iri guda. Aka fitar da biyu tare: S-3 don tuddai, S-4 don kwari. Daga nan zaɓen farko na zuriyoyin kwari a cikin kwarin ake yin sa, a ƙarƙashin zafin da ake son su jure.

1975 zuwa 1991: maimaitawa

Babu wani abin mamaki a waɗannan shekaru. A haɗa zuriyoyi mafiya kyau, a shuka jikoki, a zaɓi masu riƙe ƙululu daga ƙasa, a auna sili, a zubar da wanda silinsa ya gaza ko da ya fi kowa amfani, a gwada sauran a wurare da dama. S-5 ya fito a 1975, S-6 a 1983, S-7 a 1991, tazarar shekara 8 ko 9 kowane zagaye. Kowanne ya fi na gabansa jure zafi. Tushen ya yi ta gajarcewa, ganyen ya yi ta ƙanƙancewa. Wani rahoton bincike na 1991 ya ce amfanin Pima ya ninka sau 3 cikin shekara 40. A 1989 filin da aka shuka Pima a jihar ya kai eka 245,000.

Har zuwa lokacin, waɗanda suka yi aikin ba su san takamaiman abin da suka sauya a jikin tsiron ba. Sun san yana riƙe ƙululu, shi ke nan.

1991 zuwa 1996: binciken dalili

Masana aikin jikin tsirrai suka shigo: John Radin da Katrina Cornish daga Ma'aikatar Noma, Zhenmin Lu da Eduardo Zeiger daga Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles, tare da Turcotte da magajin aikin, Richard Percy. Suka yi abin da ya kamata a yi wa kowane iƙirarin ci gaba, wato suka tono tsofaffin iri daga ma'ajiya suka shuka su gefe da gefe da sababbi. Ta haka taki da maganin ƙwari da injin zamani ba su shiga lissafin ba.

A jikin ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, masu buɗewa da rufewa. Ta nan iskar kabon ke shiga a haɗa abinci, ta nan kuma ruwa ke fita ya zama tururi. Abin da aka saba tsammani ga tsiron hamada shi ne ya tsuke ƙofofin nan da tsakar rana don ya tattala ruwa. Da aka maƙala wa ganyen na'urar awo, sai aka ga akasin haka. Daga Pima 32 zuwa sababbin zuriyoyi, kowane sabon iri ya fi na baya sakin tururi, kuma bambancin ya fi fitowa da azahar, lokacin da rana ta fi ƙuna. Buɗewar ta ma wuce abin da haɗa abinci ke buƙata.

Amfaninta sanyi ne. Kowane giram na ruwa da ya zama tururi yana tafiya da zafi kusan jul 2,400, a ma'aunin makamashi. Yadda zufa ke sanyaya jikin mutum, haka tururin ke sanyaya ganye, har gonar da ta sha ruwa takan kasance ƙasa da zafin iska da digiri da dama. Ƙaramin ganye kuma ya fi babba saurin sakin zafi, domin iskar da ke kwance a kansa ba ta da kauri. Bambancin tsoho da sabon iri digiri kaɗan ne, amma ga tohon da ke gab da iyakarsa, digiri kaɗan ɗin su ne tsakanin riƙewa da kakkaɓewa.

Ganin abu biyu suna tafiya tare ba ya nuna ɗaya ne ya haifi ɗaya, don haka suka yi gwajin da ya raba gardama, wanda aka wallafa a 1994. Suka haɗa iri mai jure zafi da marar jurewa. A cikin jikokin suka yi zaɓe a kan abu ɗaya tak, yawan tururin da ganye ke saki, ba tare da sun dubi ƙululu ba. Suka bi zuriyoyin zuwa tsara ta uku da ta huɗu. Masu sakin tururi da yawa suka fito da ganye mafi sanyi, suka fi riƙe ƙululu a makonnin da suka fi zafi, suka fi ba da amfani. Bambancin bai rataya da saurin haɗa abinci a ganye ba. Ashe shekara da shekaru masu zaɓen suna duban kara ne, hannunsu kuwa yana zaɓen ƙofofin ganye ba su sani ba.

Ba auduga kaɗai ba ce. A 1998 masu binciken alkama na CIMMYT, cibiyar inganta masara da alkama, a tasharta ta arewa maso yammacin Meziko, suka ba da rahoton abu guda: sababbin irin alkamar ban ruwa sun fi tsofaffi sakin tururi da sanyin ganye.

Awon da aka wallafa a 1996, wanda ya bi sawun nau'o'in kabon da ke taruwa a ganye, ya nuna ɗaya fuskar. Sababbin zuriyoyin Pima suna kashe ruwa fiye da tsofaffi a kan kowane awon abincin da ganye ya haɗa.

1989 zuwa 2022: ƙwari, ƙaura da ƙarancin ruwa

Shekarar 1989 ita ce ƙololuwar noman Pima a Arizona. Farashi ya sauka, jar tsutsa ta yi ɓarna, farin ƙuda ya mamaye gonaki daga 1991 yana bar wa auduga danƙon da masaƙu ke gudu. A daidai lokacin Kalifoniya ta buɗe kwarin San Joaquin ga noman Pima, bayan shekarun da doka ta taƙaita irin da za a shuka a can. Bazarar San Joaquin busasshiya ce, darenta da sanyi, babu laimar Yuli. Noman ya yi ƙaura. Yanzu mafi yawan Pimar Amurka a can ake noma ta, a Arizona kuwa filin ya ragu ƙwarai. S-7 shi ne na ƙarshe a jerin, kamfanoni suka karɓi fitar da sababbin iri.

Ko da irin ya gyaru, laima ta ci gaba da cin ƙarfinsa. Tururi ba ya tashi da sauri cikin iskar da ta riga ta jiƙe, da dare kuma ƙofofin ganye kusan a rufe suke. Malaman gona na Jami'ar Arizona suna gargaɗin manoma da matakai biyu: idan matsakaicin zafin ganye na awa 24 ya kai digiri 28 zuwa 30, mataki na ɗaya ke nan, idan ya wuce 30, mataki na biyu, inda zubewa ke tsananta. Ranakun mataki na biyu yawancinsu a makonnin laima suke faɗowa. Wani gwaji da aka yi a ɗakunan da ake sarrafa zafinsu a Mississippi, aka wallafa a 1992, ya nuna iyakar jinsin idan babu mafaka: a digiri 40 da rana da 32 da dare, Pima ko reshen huda ba ta fitar ba.

Sai batun ruwa. Rijiyoyi sun yi ta zurfi har jihar ta kafa dokar tattalin ruwan ƙarƙashin ƙasa a 1980. Babbar magudanar da ke kawo ruwan kogin Kolorado, mai tsawon kusan kilomita 540, ta kammala a 1993 ta ba manoma sararin numfashi. A Agusta 2021, bayan fari na sama da shekara 20, gwamnatin tarayya ta ayyana ƙarancin ruwa a kogin karo na farko a tarihi. A 2022 aka yanke wa Arizona kusan kashi 18 cikin 100 na rabonta, kuma manoman tsakiyar jihar ne suka ɗauki mafi yawan nauyin. Gonaki da yawa suka kwana ba shuka.

Binciken ya riga ya juya wajen. A tashar gwaji ta Maricopa, a Arizona, an shuka irin Pima a ƙarƙashin cikakken ruwa da ragaggen ruwa. Rahoton 2012 ya nuna abin da ke faruwa idan ruwa ya gaza: ƙofofin ganye su rufe, ganye ya yi zafi, iskar kabon ta ragu a ciki, sannan zafin ya raunana sinadarin da ke kama kabon ɗin. Wato fari yana cire wa tsiron rigar da yake kare kansa da ita daga zafi, duka biyun su haɗu a kansa. A 2014 aka bayyana wata tarakta da aka ɗora wa na'urori, tana bi ta kan layuka tana auna zafin ganye da tsayi da koren iri 25 na Pima a lokaci kusan guda. Aikin da Feaster da Turcotte suka yi da ido sau ɗaya a kaka, yanzu ana iya yin sa sau da yawa a wuni. Har zuwa 2022 dai neman irin da zai ba da amfanin S-7 da ragaggen ruwa yana matakin bincike.

Hukunci

A kan abin da aka sa a gaba, aikin ya yi nasara, kuma ana iya nuna dalilan. Shekara 40 na farko sun tafi ba a taɓa matsalar zafi ba saboda ana juya jini guda ne, ana kuma zaɓe don masaƙa. Dabarun gona sun gaza saboda ƙarin ruwa da taki suna ciyar da kara ne, jiran Satumba kuwa kauce wa matsalar ne da kuɗi. Abin da ya yi aiki shi ne shigo da baƙon jini a 1951, da yin zaɓen a wurin da ciwon yake, da samun alamar da ke tara labarin bazara gaba ɗaya a jikin kara. A ganina na ƙarshen nan ya fi sauran wayo. Ya ba da damar a ci gaba shekara 25 kafin kowa ya fahimci dalili, kuma da an jira fahimtar, da S-5 da S-6 ba su fito a lokacinsu ba.

Amma ya kamata a kira abin da aka samu da sunansa. Garin furen S-7 da tohonsa ba a nuna sun fi na Pima 32 ɗaukar wuta ba. Abin da aka nuna shi ne tushen ya fi iya hana wutar isa gare su, kuma da ruwa yake yin haka. Filin gwajin bai taɓa ƙishi ba, don haka zaɓen bai taɓa tambayar kuɗin sanyin ba. Wannan ba laifin masu zaɓen ba ne, ruwan yana nan a zamaninsu. Adalci ma shi ne a ce, idan amfani ya ninka sau 3 kuma kakar ta gajarce, kowace mitar ruwa da aka zuba a gona ta fi ba da auduga fiye da da, ko da ganye guda ya fi ɓarna. Sai dai wannan riba tana tsaye ne a kan sharaɗin kada ruwan ya yanke a Yuli.

An saba ambaton jure fari da jure zafi a numfashi guda, kamar abu ɗaya ne. A wannan lamari suna jan igiya ne: fari yana so a rufe ƙofa, zafi yana so a buɗe. Hanyoyin da za su iya sulhunta su sanannu ne, kuma duk sun fi wuyar zaɓe: saiwa mai zurfi da za ta ci gaba da kawo ruwa don ƙofa ta zauna a buɗe, garin fure da sinadaran ganye masu aiki ko ganyen ya yi zafi, da saurin nuna da zai sa yawancin ƙululu ya kama kafin laima ta iso. Wanda zai maimaita aikin a kwarin yau sai ya rage ruwan filin gwajinsa zuwa abin da manomi zai samu da gaske, ya kuma shirya wa yiwuwar cewa zuriyar da za ta yi fice a can ba za ta kamo S-7 ba a shekarar da ruwa ya wadata.